Shekarar da Aka Ƙona Taswirar Safiya

Na san abin da ake gaya muku a gidajen dangi. Ana cewa Hajiya Rabi ta yanke zumunci da gidan Alhaji Babba saboda wata takarda da yarinya ta yi wa zane-zanen banza. Na ji shi a gidan suna, na ji shi a gidan gaisuwar mutuwa, har wata ta taɓa faɗa a bayana cikin taksi tana tsammanin tsufa ya toshe mini kunne. To, kunnena garau yake. Tunda kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi nawa tun ina da sauran numfashi, ku 'ya'yana da jikokina ku ji daga bakin mai abin. Ba a kan takarda muka ɓata ba. A kan Safiya ne, autata: ko ta zauna a gabana ta ƙare karatunta, ko a ɗauke ta a kai ta Kano a ajiye kamar kayan da suka lalace a sito.

Shekarar ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Malam, mahaifinku, Allah ya haskaka kabarinsa. Muna nan Libreville, a unguwar da ake kira London, a ɗakunan bayan shago, inda in aka yi ruwan sama sai mun jera bokitai a tsakar ɗaki. Kayan shagon kuwa, shinkafa da sukari da man gyaɗa da sabulu, duk daga siton Alhaji Babba da ke unguwar Oloumi muke ɗaukowa. Shi ne wan Malam, shi ya kawo shi Gabon tun yana saurayi, shi kuma ya tsaya a kanmu bayan mutuwar. Ba zan yi masa ƙarya ba don yana kabari: mutum ne mai riƙon dangi, hannunsa a buɗe. Sai dai in ya ce abu fari ne, ko ƙasa da sama za su haɗe fari ne, kuma ya saba in ya yi magana kowa ya sunkuyar da kai.

Safiya tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, jarrabawar fita da ake kira bak ce a gabanta. A nan aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, ba ta taɓa taka Kano ba. Yarinya ce marar surutu, amma ka ba ta fensir ka ga ikon Allah. Duk Asabar bayan la'asar ƙawarta Nadej, 'yar maƙwabtanmu 'yan ƙasa, takan zo da ƙanenta da wasu 'yan ajinsu, su zauna a tebur ƙarƙashin rumfar kwano suna wani wasa. Ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin: wannan jarumi ne, wannan mai magani, wancan ɓarawo. In an zo wurin da ba a san wa zai yi nasara ba, sai a jefa wasu 'yan ƙwayoyin roba masu lamba irin na ludo, sai dai su fuskokinsu sun fi yawa. Ina tsintar shinkafa a gefe ina jin su. Ni dai abin da na gani tatsuniya ce, sai dai kowa da bakinsa a ciki, kuma a gabana ake yi, da rana tsaka.

Wasan yana da littafinsa, littafin kuma yana da taswirar duniyar da ake labarin a ciki, duniyar da babu ita sai a kan masu littafin. Wata rana na ga Safiya ta ƙura wa shafin ido ta ɓata rai, na leƙa. Sama duk birane ne da dazuzzuka da gidajen sarakuna, kowane tudu da sunansa. Ƙasa kuwa, wajen kudu, an shafe shi da ruwan ɗorawa, ba komai sai ƙasusuwan raƙumi guda da wani ɗan rubutu.

"Auta, nan me aka rubuta?"

"Wai ƙasar da ba a sani ba, Mama. Wai ba kowa a ciki sai yashi."

"Su suka je suka ga ba kowa?"

Ta yi dariya ta ce ai ƙagaggiya ce, ba wanda ya je. Na ce to ko a ƙage ma, su sun cika nasu ɓangaren da gidaje, namu sun bar mana mushen raƙumi. Da wasa na faɗa, ashe maganar ta shige ta. Ta gaya mini akwai masu son wasan a ƙasashe da yawa da ke zana wuraren da masu littafin suka bari fili, su sa a intanet, kowa ya ɗauka ya yi wasa a kai. Ta ce ita kudun nan za ta cika.

Daga ranar ban sake samun sakat ba. Ina auna sukari tana tambayata ƙofofin ganuwa yaya suke, ina wanke-wanke tana tambayata marina da warin baba, da kukar ƙofar gidanmu, da rijiyar da muke jan ruwa muna 'yan mata, da inda masu tallar fura ke zama. Ni kuwa da ma na gaji da shirun da mutuwa ta bar mana, sai na saki baki. Ta riƙa haɗa manyan takardu da gam har suka kai faɗin tabarma, ta ja layuka a tsaye da a kwance, gida-gida, ta sa wa kowane layi lamba, wai kowane gida tafiyar yini guda ce. A ciki ta zuba garuruwa da kasuwanni da hanyoyin fatake, ta sa wani maciji mai fukafukai yana gadin wani dutse. Watanni tana yi. Saboda laima, in ta gama na ranar sai ta rataye ta can sama a bangon ɗakina ta lulluɓe da leda. Niyyarta in ta kammala ta kai a ɗauki hotonta a na'ura. Ba ta kai ga kaiwa ba.

Hajiya Talatu, matar Alhaji, ta zo duba mu wata Asabar, ta tarar an shimfiɗa taswirar a tebur, yara sun kewaye ta ana jefa 'yan ƙwayoyi. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ku da kuka tashi a lekol, makarantar bokon nan, ba za ku gane abin da idonta ya gani ba, amma ni na gane. Duk wanda ya tashi a Kano, in ya ga takarda an ja mata gida-gida an zuba lambobi, hatimi ya gani, irin wanda ake rubutawa a binne wa mutum a ƙofar gida. In ya ga ana jefa ƙwaya ana ihu, caca ya gani. Ga kuma maciji da fukafukai, ga 'ya'yan da ba Musulmi ba, ga maza a ciki. Kafin a kira magariba labari ya kai unguwar Okala, gidan Alhaji, kuma kafin ya kai ya yi ƙiba.

Ran Litinin na fita sarin omo, na dawo da hantsi, tun daga bakin layi na ji ƙaurin takarda. Na shigo na tarar da Alhaji zaune a kujerar Malam, murhun gawayina a gabansa, taswirar a ciki ta zama toka sai wani ɗan gefe da ke ci. Safiya tana tsaye jikin bango da rigar lekol, ba ta kuka, ba ta motsi, idonta a kan murhun.

"Rabi, na cire miki masifa daga gida. Ba sai kin gode ba."

"Yaya Alhaji, wa ya ba ka izinin shiga ɗakina?"

"Ɗakin ƙanena ne."

"Ƙanenka yana maƙabarta, Allah ya jiƙansa. Ɗakin nan nawa ne."

Tunda aka kawo ni gidansu amarya ban taɓa ɗaga masa murya ba, shi ya sa ya tsaya yana kallona kamar tukunya ce ta yi magana. Sannan ya ce ya san hatimi in ya gani, ya ce an mai da gidan ƙanensa gidan caca da tsafi, ya ce laifin lekol ne da zama cikin arna. Ya riga ya yi waya da Yaya Hajara, yayarsu da ke Kano, kafin azumi yarinya za ta tafi wurinta. Karatun ya isa haka, ta je ta san gida.

"Gida-gidan da ka gani awon tafiya ne, Yaya Alhaji. Ba aya a ciki, ba sunan kowa. Taswirar wasa ce."

"Taswirar ina? Nuna mini motar da ke zuwa garin nan."

"Kai nuna mini motar da ke zuwa Kanon da kake ba mu labari duk Juma'a. Rabonka da kwana a can tun gashinka baƙi. Kai ma taswira ce a kanka, ba wanda ya ƙona maka."

Wallahi da fushi na faɗa, ban auna ba. Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce in zaɓa: ko in ba da fasfo ɗin yarinya ta tafi, ko kada in sake aikawa a ɗauki ko ƙwayar shinkafa a sitonsa. Na ce na zaɓa tun kafin ya rufe baki. Yana fita na ɗauko fasfo ɗin daga ƙasan akwati na ɗaure a ƙuguna, a nan ya zauna har aka sha ruwan azumin ƙarshe.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba maganarsa ba ce, yadda Safiya ta koma ne. Ta tattara fensirorinta ta zuba a kwali. Asabar ta zo ta aika wa su Nadej kada su zo. Abinci sai na tsaya a kanta. Babban yayanku ya zo daga wurin aikinsa ya durƙusa yana roƙona in je in ba Baffansa haƙuri, wai don zaman lafiya. Ya san kansa, yana cikin masu karanta wannan, kuma ban riƙe shi a zuci ba. Amma da Safiya da kanta ta same ni a shago ta ce,

"Mama, ki bari in tafi. Kar ki rasa shago saboda ni. Ai wasa ne kawai."

sai na ajiye abin da nake aunawa na dube ta. Wato an ƙona takarda, yanzu kuma yarinyar ta fara yarda ita ce mai laifi. Na ga in na bari ta kwana da wannan a ranta, ko ba a kai ta Kano ba an riga an ɗauke mini ita.

Washegari na je na yanko farin yadi mai kauri, faɗin zanen gado, na sayo zare kala-kala da allurai. Ku ba ku sani ba, amma ina budurwa da ɗinkin hula na yi kayan ɗakina. Yadda ake yi kuwa, mai zane daban, mai allura daban. Mai zane ya zana a farin ƙyalle da alƙalami, mu mata mu bi layinsa mu cike da zare, ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. Na shimfiɗa yadin a gaban Safiya na ajiye biro a kai.

"Ke ce mai zane, ni ce mai allura. Fara."

"Na manta yadda take, Mama."

"Ba ki manta ba. Abin da kika manta ni na tuna, ai daga bakina kika ɗauka. In yana da murhun da zai ci wannan, ya zo ya cire shi daga cinyata."

Ta daɗe tana juya biron, sannan ta tambaye ni ko ta bar macijin, don mutane su huce. Na ce shi zan fara ɗinkawa, kuma da jan zare. Da na gama shi ya fi kama da ƙadangaren da ya ci barkono, ita ce dariyar farko da ta yi tun ranar murhu.

Ban ɓoye a ɗaki ba. Na fito da kujerata ƙofar shago, bakin hanya, inda duk mai zuwa masallaci sai ya bi ta gabana, na baza yadin a cinya ina ɗinki tun hantsi har la'asar. Mata suka riƙa wucewa suna gaisuwa da gefen baki, wasu su ja 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen. Wata da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya ta tsaya daga nesa ta ce,

"Hajiya, me ake ɗinkawa haka?"

"Hatimi ne. Matso in saka sunanki."

Ba ta sake bin layin ba sai bayan salla. Liman ma ya tsaya wata rana, ya duba yadin sama da ƙasa, ya tambaya ko akwai aya a ciki, na ce babu. Ya ce to ai zane ne kawai, Allah ya ba da sa'a, ya wuce. Ya faɗa a gabana, amma bai je ya faɗa a gaban Alhaji ba, kuma har yau ban manta masa wannan ba.

Aikin ya ci mana sauran shekarar, ita tana karatun jarrabawa tana zana mini gaba kaɗan-kaɗan, ni ina binta da allura. Mun sha faɗa a kai. Ta sa rijiya a bayan marina, na ce wa ya taɓa haƙa rijiyar sha kusa da ruwan baba, ta mai da ita gindin kuka inda take. Ta yarda. Amma da ta zana teku a gefen ganuwa, da jiragen masunta, da mata masu sayar da rogo a ganye, na ajiye allura.

"Auta, Kano ba ta da teku."

"Ba Kano ba ce, Mama. Ƙasata ce."

Na sake duban zanen. A can in ta je 'yar Gabon za a ce mata, a nan kuma duk ofishin da ta shiga baƙuwa ce. Yarinya ta haɗa abin da ta ji a bakina da abin da ta gani da idonta, ta yi wa kanta wurin da ba mai tambayarta takarda. Na ɗauki shuɗin zare na cika mata tekunta, kuma duk yadin ba inda na fi yi wa ɗinki mai kyau kamar nan.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kantocin shago suka riƙa yashewa har na koma tebur guda da kaskon ƙosai da safe, ni da nake da shago mai ƙofa biyu. Aka yi bikin 'yar Alhaji a Okala, yarinyar da na goya a bayana, sai a bakin wata 'yar Senegal mai ɗinki na ji. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka sosai, ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yana yi. Idona na hagu ma tun wannan ɗinkin bai koma daidai ba. Amma azumi ya zo ya wuce Safiya tana gabana. Ta zauna bak ta ci. Su Nadej suka dawo, aka shimfiɗa yadin a tebur aka jefa ƙwayoyi a kan ɗinkina. Suka ɗauki hotonsa suka sa a intanet, har wasu da ba mu san ko su waye ba suka riƙa aiko da tambaya wai mece ce marina, ina ba Safiya amsa tana fassara musu. Aikin zanen gine-gine da take yi yau, wanda kuke alfahari da shi a gaban mutane, daga kan wannan teburin ya taso.

Alhaji bai sake taka gidana ba har Allah ya karɓi abinsa. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don ya yi mana alheri mai yawa kafin wannan rana. Hajiya Talatu ta matso ta ce da na ba shi haƙuri da ya tafi da farin ciki. Na ce Allah ya jiƙansa. Ba ni da haƙurin da zan bayar.

Bayan shekaru na je Kano, rasuwar ƙanena. Na sauka a unguwarmu ban gane ta ba sai da aka nuna mini. An sare kukar. Rijiyar an cike ta, an yi shagon masu sayar da waya a kai. Marinar ta zama wurin wankin babura. Yaran gidanmu suna ce mini Hajiyar Gabon, suna dariyar yadda nake cewa butik a maimakon shago. Na tsaya a bakin shagon wayar nan ina tunanin maganar da na jefa wa Alhaji da fushi, ashe gaskiya na faɗa ban sani ba. Nan ne gidan da za a turo 'yata ta sani, ita kaɗai, ba uwa, ba karatu. Da na dawo Libreville, tun ban cire mayafi ba na sa aka ɗauko mini yadin, na shimfiɗa, na ɗora yatsana a kan rijiyar. Tana nan a gindin kuka, inda na ce a sa ta. A duk duniya nan kaɗai ta rage.

Saboda haka ga abin da nake so. In na mutu kada wanda ya ninke yadin nan ya sa a akwati da kafur, kada kuma a rataye shi a gilashi ana nuna wa baƙi. A shimfiɗa shi a tebur ran Asabar, jikokina su kira abokansu, ko 'ya'yan waye, a jefa ƙwayoyi a kai har zaren ya tsinke. In ya tsinke Safiya ta san inda allurata take. Wanda kuma ya sake ce muku kakarku ta watsa zumunci a kan takarda, kada ku yi musu da shi, kada ku ba shi haƙuri a madadina. Ku ce masa an ce ta ba da 'yarta ne, ta hana.